Kellu Biyu, Suna Ɗaya

Hawaye ne ke ɗiga a kan farar rigar aikin da Kellu take gogewa a gidan baffanta da ke unguwar Abbaganaram, shi kuwa Baffa Ajimi yana tsaye a kanta yana nanata magana ɗaya. "Duk abin da suka karanta miki gobe, ki ce haka ne. Ni na riƙe ki tun rasuwar ubanki, yanzu ne za ki rufa min asiri."

Allah sarki maraici! Su biyu ne a gidan suka ci sunan kakarsu, ita da 'yar Baffa da ake kira Ya Kellu, kuma da Baffa ya kai su makaranta sunansa ya rubuta musu duka, Kellu Ajimi. Tare suka gama karatun likita, tare aka tura su sansanin 'yan gudun hijira. Ya Kellu ko wata guda ba ta rufa ba ta tsere Abuja, ta bar marainiya shekara uku cikin kwalara da yaran da yunwa ta ƙanjame... Da aka buɗe gurbi ɗaya tak na horon ƙwarewa a ɓangaren yara, sai Baffa ya lallaɓa wurin wani akawu aka musanya takardu. Yabo ya koma fayil ɗin 'yarsa, takardar gudun aiki ta faɗo kan Kellu. Suna ɗaya ne, wa zai gane? Abu guda Baffa ya manta, sai an ga mutum ido da ido ake ɗaukarsa.

Washegari Ya Kellu ta fara shiga ɗakin tantancewa, ta fito tana taku ɗai-ɗai. Da aka kira Kellu, Farfesa Dzarma, shugaban masu tantancewar, ko ɗago kai bai yi ba.

"Likita, an rubuta nan cewa kin gudu kin bar marasa lafiya. Haka ne?"

In ta ƙaryata, ta tona wanda ya raine ta. In ta amsa, ta kashe kanta da kanta. Ta sunkuyar da kai tana karanta Hasbunallahu a zuci, hawaye na zuba.

"Ɗago fuskarki, 'yata," in ji wata dattijuwa a ƙarshen teburin. Mama Susanna ce, babbar nas da ta taɓa kai ɗauki sansanin. Ta daɗe tana dubanta, sannan ta juya ga Farfesa. "Farfesa, wannan ce ta yi aikin sansanin. Ina tsaye ta samo jijiya a kan jaririn da duk muka cire rai. Waccan da ta fita, ban taɓa ganinta ba."

Aka dawo da Ya Kellu, aka ce ta faɗi yadda suka tsara tantin masu kwalara. Ta yi ta inda-inda har ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. A satin aka kori akawun, aka miƙa batun Ya Kellu ga hukumar likitoci, Baffa kuwa ya daina iya zama a majalisar unguwa don kunya.

Ranar da Kellu ta je karɓar takardar ɗauka, Farfesa ya riƙe biro yana dubanta. "An zalunce ki, 'yata, mu ma saura ƙiris mu taya su. Wane suna zan rubuta?"

Ta share ido da gefen mayafinta.

"Kellu Mikail, Farfesa. Sunan ubana ke nan. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya tambaye ni."