Fatar Aro

Ranar hutu ce, amma ƙwayoyin fata ba su san hutu ba. Duk bayan kwana biyu sai an canza musu ruwan da suke rayuwa a ciki, in ba haka ba aikin wata huɗu ya bi iska. Shi ya sa abokan aikinta suke ce mata Uwar Ƙwayoyi, shi ya sa kuma maigidanta ya sauke ta a ƙofar ɗakin binciken ana dab da magariba.

"Minti goma kika ce," in ji shi. "Allah ya sa ba irin na tela ba ne."

Ta yi dariya, ta shige.

Aikinsu ba wani ɓoyayye ba ne. Suna renon ƙwayoyin fatar mutum a 'yan farantan roba, su karce su da tsinke, su ɗiga musu feftayid, wato 'yan gutsattsarin furotin da ake gwadawa ko za su sa rauni ya haɗe da wuri. Sai su riƙa leƙawa a madubin ƙara girma. Kala tara suke gwadawa, kuma na bakwai ya fi sauran saurin rufe karcen.

Ta sa farar riga da safar hannu. Ɗakin yana warin barasar goge tebur kamar kullum, firji yana ƙugi a kusurwa. Ta gama faranti huɗu, tana kan na biyar, sai ƙugin ya ɗauke. Fitilu kuwa suna nan a kunne.

Wani wari ya taso, kamar an babbaka gashi.

Daga bayan tukunyar da suke turara kayan aiki ta ji nishi. Siriri, a gajiye, irin na yaron da ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

"Waye a nan?"

Wata doguwar mace ce tsugune a lungun, lungun da ko tsintsiya da ƙyar take shiga. Ta lulluɓe da zane launin toka, tana rungume da wani abu a ƙirji. Ƙofa ɗaya ce da ɗakin, tana kulle, kuma makullin yana aljihun Uwar Ƙwayoyi.

"'Yar nan," matar ta ce cikin raɗa, "shekaranjiya war haka, wa ya juye tafasasshen ruwan tukunyar nan a magudanar baya?"

Uwar Ƙwayoyi ta tuna. Ita ce. Tana sauri, ko bisimilla ba ta yi ba.

"Ɗana yana wasa a wurin."

Matar ta ɗage gefen zanen. Bayan yaron ya saɓule tun daga wuya har kugu, jajir, ruwa yana tsattsafowa. Yatsun hannunsa sun yi tsawon da bai kamata ba.

"Iya, ki yafe mini. Ban sani ba."

"Na ji kuna cewa na bakwai yana rufe rauni. Miƙo."

"Ba magani ba ne, Iya. Bincike ne kawai. Ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba."

"Ai ba mutum ba ne."

Uwar Ƙwayoyi ta buɗe firjin, ta ɗauko 'yar kwalbar. Matar ta karɓa daga inda take tsugune, tsakaninsu kuwa ya fi taku shida.

Ta ɗiga a bayan yaron. Ya yi ƙara. Gefen raunin ya motsa, ya tsaya.

"Ba ya aiki sai da fata," in ji matar.

Uwar Ƙwayoyi ta tura mata farantan ƙwayoyin fatar duka. Matar ta shinshina, ta ture.

"Wannan ba ta taɓa shan rana ba."

Uwar Ƙwayoyi ta fara ja da baya. Tana son karanta addu'a, harshenta ya yi nauyi.

Yatsu masu sanyi suka kama damtsenta na hagu.

Ba ta ji zafi ba. Sauti kawai ta ji, kamar ana ɓare leda daga sabon littafi.

A waje, maigidanta ya danna hon.

Riƙon ya sassauta. Ta fizge, ta bangaje kujera, makullin ya faɗi, ta lalubo shi a ƙasa. Sunan Allah ya fito daga bakinta a yunƙuri na uku, ƙofar ta buɗe.

A mota maigidan ya naɗe mata hannun rigar da ya jiƙe da jini. An ɗauke fata daidai faɗin tafin hannu, gefenta a miƙe kamar da almakashi. A asibiti ta ce kwalba ce ta fashe. Likitan ya dube ta, ya ci gaba da wanke raunin.

Raunin ya warke a hankali, ya bar tabo. Ta nemi a mai da ita ofishin ajiye bayanai, kuma kafin ta tafi ta sa an haɗa bututun tukunyar da tankin da ruwa zai huce.

Sai dai tabon ba ya jin taɓawarta. Abin da yake ji daga wani wuri yake zuwa: zafin rana alhali tana cikin inuwa, ko tafin hannu yana shafawa a hankali.

Wata rana suna cin abinci ta saki cokali, ta dafe damtse.

"Lafiya?" in ji maigidan.

Ta jira har raɗaɗin ya lafa.

"Yaron ne," ta ce. "Ya fara gudu, ya faɗi."