Tagar Safara'u

Bayan isha'i mashin ɗin Jabiru ya mutu a hanyar Mabai. Yana cikin tura shi, sai wata mata mai lulluɓi ta miƙo masa waya. Ƙamshin kafur ya buge shi.

"Malam, duba mani saƙon nan."

Wata 'yar koriyar taga tana yawo a fuskar wayar, tana kwaso rubutun saƙonni tana ƙara masa girma. Shi ya haɗa manhajar don matarsa, marigayiya Safara'u, da idonta ya raunana. Wayarta kaɗai ya saka wa.

"Baban Najiba," ta ce a hankali, "har yanzu tagar tana rufe mani layin ƙarshe. Ka ce gobe za ka gyara."