Dosiyen Rahina

Ranar da Rahina ta fara shiga biro, wato ofishin Metir Mahamud, wani matashin lauya a Zinder, kujerar da ke bakin ƙofa ta zaɓa, jakarta rungume a ƙirji. An gaya mata lauyoyi baki biyu gare su, ita kuwa ba ta manta irin wannan magana.

Shekara huɗu ke nan mijinta Tanimu yana Aljeriya, ba aike ba saƙo, kuma tun kafin ya tafi ya rantse ba zai sake ta ba. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

"Wa ya turo ki wurina?" in ji Mahamud.

"Ba kowa. Biro uku na shiga. Kai kaɗai ne ba ka tambaye ni laifin da na yi masa ba."

"Kin yarda da ni ke nan."

"Ban ce ba."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai kan takarda, ya daɗe bai ɗago ba. Wannan ma ta ajiye shi a ranta.

Wata biyu yana haɗa shaidu, har Gaffati, garin su Rahina, ya je a kan moto. In ta zo, ƙofar biro a buɗe yake barinta. Rahina ta kama kanta tana gyara ɗaurin kallabi kafin ta shiga, abin ya ba ta haushi.

Saura kwana shida a tsaya gaban alƙali, saƙo ya shigo salularta:

"Na miƙa dosiyenki, duk takardun shari'arki, ga wata lauya, Metir Sadiya. Kada ki ƙara zuwa birona. Allah ya ba ki nasara."

"Ai na gaya miki," in ji mahaifinta Malam Kolo. "An ga yayan Tanimu ya fito daga bironsa. Sun saye shi."

Ta yarda nan take, don zargi bai taɓa yi mata wuya ba. Ta yi kuka sosai, kuma gaskiyar magana ba shari'ar kaɗai take wa kuka ba.

Metir Sadiya ta tsaya mata, alƙali ya raba auren, Rahina ta shiga idda. Mahamud ko gaisuwa. Sai da wata huɗu suka cika cif saƙonsa ya zo:

"Na ƙara wata guda a kan lissafina, don kada in yi magana da sauran kwana ɗaya na idda. Rahina, ina son ki."

Ta rubuta: "Me dangin Tanimu suka ba ka?"

"Sun zo, na sallame su. Ni ne na gane ina son a raba auren nan don kaina. Da na tsaya miki, in na nemi aurenki sai a ce mu muka shirya, sunanki ya ɓaci. Ki bincika, Alƙaliyata."

Ta kuwa bincika. Metir Sadiya ta buɗe mata dosiyen: kowace takarda da ta ci shari'ar, rubutun hannun Mahamud ce.

Da maganar aurensu ta taso, Malam Kolo ya kafe. "Mutumin da sana'arsa raba aure, shi zan ba 'yata?"

"Baba, wata shida yana da lambata, kalma ɗaya ta so bai furta ba sai da ta halatta."

Tsoho ya tashi ya tafi Zinder. Ya kwana uku yana tambaya a masallatan Kara-Kara, unguwarsu Mahamud, ya dawo bai samo aibu ba, har kamar ya ji haushin hakan.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure a Gaffati, Malam Kolo ya sa musu albarka da bakinsa. Da aka kai amarya, ango ya same ta a bakin gado, jakar nan rungume a ƙirji.

"Har yanzu fa ina sa maka ido," ta ce.

"Allah ya sa ki sa min har tsufa, Alƙaliyata."

Rahina ta dube shi ta daɗe. Sannan ta miƙe, ta rataye jakar a ƙusa, ta rufe ƙofa da hannunta.