Ƙaramin Yatsan Zulaihatu

"Haladu, ka kashe ni!"

Zulaihatu ta fizge takardar daga tafireta tana kaɗa ta a fuskarsa.

"Sunana na buga, sunana fa! Dubi abin da ya fito. Ko kaza ce ta taka tawada ai sai haka!"

Haladu, mai gyaran tafireta, ya goge baƙin man hannunsa yana murmushi. Murmushin nan ne ke ba ta haushi, shi ne kuma ke hana ta cin abinci.

"Sanyin idona, saurara mana..."

"Kada ka sanyin-idona ni!"

Ga abin da ya faru. Shekara biyu ke nan, tun 1976, Zulaihatu na buga wasiƙun Hausa a shagon Madam Bernadette da ke bakin kasuwar Jos. Turawan da suka ƙera tafireta sun ajiye harafin "a" a ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, Hausa kuwa duk inda ka juya "a" ce. Yatsan ya kumbura, wuyan hannun ya ɗauki zugi. Shi ne Haladu ya ɗauke na'urar kwana uku, ya ɓamɓare haruffan ya sake musu mazauni: "a" ta koma ƙarƙashin manuniya, masu yawan fitowa suka taru a layin tsakiya.

"Sati uku kawai ki ba ni," in ji shi. "In bai yi ba, in mayar, in kuma daina zuwa zance."

Ta harare shi. Wa ya ce ya daina zuwa?

"To... sati uku," ta ce tana murguɗa baki.

Satin farko kuka ne. Madam Bernadette ta riƙe ƙugu.

"Wannan yarinya, saurayinka ya ɓata mani mashin!"

Kubra kuwa, abokiyar aikinta, dariya har da riƙe ciki. Ita ce gwanar shagon, tana bugu idonta na kan titi, ba ta kallon haruffa ba ta kallon takarda. Kuma kowa ya san ta fi kallon titin ranar da Haladu zai zo.

A sati na uku yatsun Zulaihatu suka kama hanya. Kumburin ya sace, gudunta ya wuce na da.

Sai dai fa a gida, Tudun Wada, akwai sauran aiki. Mahaifinta Alhaji Bappayo, dillalin shanu, ya ji labari.

"Mutumin da aka ba gyara ya birkita kayan mutane? In na ba shi 'yata kuma ya mayar mata da kai ƙafa? A'a!"

"Baffa, don Allah..."

"Ya zo Juma'a in sallame shi da kaina."

Zulaihatu ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana son Haladu, so na gaske, ba ta kuma san ta inda za ta ɓullo wa tsohon nan ba.

Ran Juma'a bayan la'asar Haladu na durƙushe a zaure gaban Alhaji, Zulaihatu tana laɓe bayan ƙofa, sai ga sallamar Kubra da ambulan a liƙe.

"Baba, ba son raina ba ne," ta ce har da goge idon da babu hawaye. "A kan teburinta na tsinta. Wani take rubuta wa a garin Kuru. Gara kowa ya san matsayinsa."

Ta saci kallon Haladu.

Alhaji ya yage ambulan, ya ɗora tabarau. Shuɗiyar tawada ce, irin ta na'urar 'yarsa, ya san ta sarai don da ita take buga masa wasiƙu. Fuskarsa ta haɗe.

"Zulaihatu! Fito nan!"

Ta fito daga bayan ƙofa.

"Wallahi Baffa ban..."

"Shiru!"

Ya kai takardar kusa da hanci. Ya nesanta ta. Ya juya ta sama ƙasa. Ya buɗe baki zai karanta, sai wani sauti ya fito kamar ɗan maraƙi ya shaƙe.

"Kai! Wannan wane yare ne? Na iya Fulatanci, na iya Hausa, ina jin Birom kaɗan-kaɗan. Wannan ko aljanu sai da tafinta."

Haladu ya leƙa, ya yi saurin toshe baki da hula, kafaɗunsa na girgiza.

"Wane irin yare kuma, Baba?" Kubra ta taso da zafi. "Hausa ce tsantsa! Cewa ta yi, 'Masoyina Lukuman, wannan bakaniken ba ajina ba ne, tsohon ma na kusa shawo kansa...'"



Alhaji ya sauke tabarau a hankali.

"'Yar nan. Ambulan a liƙe kika kawo. Ni da na buɗe ban iya karantawa ba. Ke ta ina kika haddace?"

"Ai... dama... wato..."

Zulaihatu ta karɓi takardar, kallo ɗaya ta gane komai.

"Kubra, a na'urata kika buga, kina kallon ƙofa kada in dawo, ko? Yatsunki suka bi tsohuwar hanya. Ke da ba kya duba takarda!"

Ramin mugunta dai a gina shi gajere. Kubra ta fita ko takalmi ba ta saka daidai ba.

"Har da 'tsohon'," in ji Alhaji yana girgiza kai. "Ni ne tsohon."

Sai ya juyo wajen Zulaihatu.

"Ke, miƙo hannun nan na hagu."

Ta miƙa. Ya murza ƙaramin yatsan, ya lanƙwasa shi, ya jira ihun da ta saba yi. Shiru. Shekara guda yana shafa wa yatsan nan man shanu da hannunsa, yana ce mata sanyin Jos ne.

"Ba ya ciwo?"

"Ko kaɗan, Baffa."

Ya dubi Haladu.

"Kai, wa ya gaya maka yatsan nan ne?"

"Ba kowa, Baba. In tana bugu tana ɗan ɗage shi sama, tana cije leɓe. Na gani ne kawai."

"A garke, wanda ya hango ɗingishin maraƙi kafin mai shi, shi ake ba sanda." Alhaji ya share murya. "Ka turo manyanka."

Zulaihatu ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Amma fa da sharaɗi," ya ƙara yana nuna Haladu da tabarau. "Rediyona na ɗaki. Ko da wasa kada ka taɓa shi."