Matsirgar da Ta Yi Shiru

Behzat dillalin awaki ne a wani ƙauye cikin duwatsun Baf, a tsibirin Kubrus, zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da ƙasar. Duk ƙauyen babu wanda ya kai mutum a idonsa. In aka kawo masa akuya, sai ya ɗaga leɓenta da yatsa, ya leƙa haƙora, ya ja tsaki, ya ce a kai wa karnuka. Haka yake yi wa mutane ma, leɓen ne kawai ba ya taɓawa.

Wata ranar kaka ya dawo daga shagon gahawa gab da magariba, ya tarar da matarsa Nazife tsaye a ƙofa tana murza hannuwa.

"Inna ba ta dawo ba. Tun la'asar ta tafi matsirga, inda ruwa ke zubowa daga dutse, tsinkar na'ana'a."

"To in yi yaya? Tsohuwar da ko tsani ba ta iya hawa, ita ce da bin duwatsu?"

"Don Allah, Behzat. Ka san ba a kai magariba a wurin nan."

"Ji ki! Ku dai ko kwaɗo ne ya yi tari sai ku ce aljani."

Ya dai hau jakinsa ya tafi, don kada gobe a shagon gahawa a ce ya bar surukarsa Dudu ta kwana a daji.

Hanyar ta ratsa gonakin zaitun, ta gangara cikin kwazazzabo. Tun daga nesa ake jin rurin ruwan yana zubowa daga saman dutse. A gindin wani tsohon ɓaure jakin ya turje. Ya doke shi, ya zage shi har da mai kama da shi, jakin ya ƙi. Ya sauka ya ci gaba a ƙafa, yana ƙunƙuni.

Ƙasa ta yi santsi. Ƙanshin na'ana'a ya cika wurin, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙauri, kamar an babbaka gashi.

Ya sha kwanar ƙarshe, sai ƙarar ta ɗauke.

Ga ruwan nan yana zubowa, fari fat, yana dukan tafkin da ke ƙasa, feshinsa na jiƙa masa fuska. Amma ko ɗis ba ya ji. Numfashinsa kaɗai yake ji.

Ga tsohuwar can tana zaune a kan wani falalen dutse, ta ba shi baya, da baƙin ɗankwalinta, ƙafafunta cikin ruwa.

"Inna! Tashi mu tafi, kin ɓata min lokaci."

Ba ta motsa ba.

"Kurumta ce ta ƙaru a kan rigimar?"

Ta juyo a hankali. Fuskar Dudu ce, har da tawadar Allah da ke gefen hancinta. Idon ne ba ya ƙiftawa.

Daga bayan labulen ruwan wata ta fito, tufafinta a bushe. Ita ma Dudu ce. Wata ta biyo ta. Dudu.

Ya so ya yi a'uziyya, harshensa ya ƙi. Rabonsa da ita ya manta.

Suka zagaye shi. Ba sa taku, sai dai ya ga sun matso. Ɗaya ta lalubi haƙarƙarinsa. Ɗaya ta sunsuni wuyansa, ta kau da kai.

Ta zaunen ta miƙo hannu daga inda take. Hannun ya yi ta tahowa a kan ruwa. Yatsa mai sanyi ya ɗaga masa leɓe.

Ta leƙa.

"Wannan aka aiko mana?" ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Cikinsa duk ya ruɓe," in ji ta bayansa.

"Ko karnuka ba za su ci ba."

Ta ja tsaki, dogo, ta goge yatsanta a jikin dutse.

"Ɓace mana da gani."

Bai san yadda ya hau kwazazzabon ba. Da gwiwa, da farce, ƙaya na yagar masa fuska. Ba wadda ta bi shi. Ko waiwayensa ba su yi ba.

Nazife ce ta buɗe masa ƙofa, ta ga jini, ta sa salati. A bayanta ga Dudu zaune kusa da murhu tana yanka cuku. Ashe ta wata hanya ta biyo ta dawo gida, tun kafin a kira salla.

Daga ranar Behzat bai sake jin ƙarar ruwa ba. Yana jin kukan akuya, yana jin maganar mutane, amma a yi ta sheƙa ruwan sama a kan rufinsa, ko ya tsaya a bakin teku, shiru. Bai gaya wa kowa abin da ya gani ba.

Sai da ya kwana uku a kwance Dudu ta kawo masa miya. Ta ajiye kwanon, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ni na yi zaton za su riƙe ka," ta ce. "Ashe su ma ba sa so."