Ranar Da Na Durƙusa Gaban Mahaifiyar Gijun

Goshina bai gama kaiwa ƙasa ba na ji abin ya kufce mini.

Wani ɗumi ya biyo cinyata...

Ina durƙushe ne gaban mahaifiyar Gijun, cikin rigar biki da na aro wurin yayata, ina yi mata gaisuwar da mace ke yi wa uwar mijin da za ta aura. Na kasa ɗagowa. Na san in na miƙe, kowa zai ga abin da na bari a kan daɓe.

"Tashi mana, Maman Bomi," ta ce.

Na tashi. Ƙaramin wuri ne ya jiƙe, amma a idona ya fi teku faɗi.

Hyeran ce ta fara gani. 'Yar aminiyar tsohuwar ce, ita ce tsohuwar ta so ɗanta ya aura, shi ya sa ta kira ta ta zuba shayi a ranar da ba ta da hurumin zuwa.

"Mama, kamar shayi ya zube," ta ce tana murmushi.

Babu kofi ko ɗaya kusa da ni.

Ban kalli Gijun ba. Na tattare rigata na fita da gudu, yana kiran sunana har bakin titi.

Awara nake yi a garin Gangneung da ke bakin teku, a shagon da mahaifinmu ya bar mana ni da yayata. Buhun waken suya, bokitin gasara, dutsen danne awara, duk ni ke ɗagawa tun ina budurwa. Haihuwar 'yata Bomi ta zo mini da wuya, kuma ko wata ban yi ba na koma bakin tukunya. Daga nan na fara jin nauyi a ƙasan marata. In na yi atishawa ko dariya, sai fitsari ya zubo. Mijina na farko ya ce jikina ya lalace, ya tafi. Ban yi masa musu ba, don ni ma haka na ɗauka.

Gijun shi ke kawo mana ruwan teku da muke haɗa awara da shi. Ba ya da yawan magana. Kullum sai ya tsaya ya sha kwano ɗaya na awara mai ruwa-ruwa da zafinta, yana yaba ƙarfina, yana cewa bai taɓa ganin mace mai ɗaga buhu kamar ni ba. Da haka ya shiga raina. Na ba shi labarin komai, ban da wannan.

Ciwon mara ne ya kai ni asibiti, makonni kaɗan kafin ranar gaisuwar. Likitar ta nuna mini hoto, ta ce wani ƙari mai ruwa ya fito a inda ƙwan haihuwa yake, ya kai girman lemo, kuma in ya murɗe zai iya kwantar da ni cikin gaggawa. Da ta duba ni sosai, ta ce mahaifata ta zazzago, ta jawo mafitsara tare da ita. Ta tambaye ni tun yaushe. Na rufe fuska da hannu. Ta ce za su haɗa aikin biyu a tiyata ɗaya, amma in daina ɗaga nauyi daga ranar, kuma in zo da wanda zai zauna da ni.

Wa zan kawo? Me zan ce masa?

Bayan abin da ya faru a gidansu, na daina ɗaukar wayarsa. In na ji ƙarar motarsa sai in ɓuya a ɗakin ajiya, yayata ta karɓi ruwan. Ashe Hyeran ba ta zauna ba. A kantin magani take aiki, a nan nake sayen audugar da nake ƙunsawa da magungunan da likita ta rubuta. Ta haɗa wannan da wancan, ta je ta shaida wa tsohuwar cewa za a cire mini mahaifa gaba ɗaya. Kafin mako ya zagayo, masu sayen awara sun fara kallon cikina maimakon fuskata.

Wata safiya yayata ta raka Bomi makaranta, waken da aka jiƙa ya ƙare. Na sunkuya na kama buhu.

"Ajiye shi."

Gijun ne a bakin ƙofa. A ƙafa ya zo don kada in ji motar.

Na ce ba ruwansa. Ya ƙaraso ya zare buhun daga hannuna. Sai na yanke shawarar in kore shi da gaskiya, tunda ɓuya ta kasa.

"Kana so ka ji? Mahaifata ta zazzago, Gijun. In na daɗe a tsaye, ina jin ta kamar ƙwai a tsakanin ƙafafuna. Wani lokaci da hannuna nake mayar da ita kafin in iya fitsari. Ga ƙari kuma, za a yanka ni. Wannan ce matar da ka kai gaban mahaifiyarka."

Kunnuwansa suka yi ja. Na jira in ga ƙyama a fuskarsa, irin wadda na sani.

"Yana miki zafi?" ya ce.

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar...

"Ranar nan ni na goge wurin," ya ci gaba. "Tsumma ne da ruwa, ya wuce. Amma duk lokacin da na tsaya a nan ina kallon ki kina ɗaga buhu, ina tafa miki kamar wawa, wannan da me zan goge shi?"

Na ce wataƙila ba zan sake haihuwa ba, shi kuma shi kaɗai ne ɗan mahaifiyarsa. Ya ce ya sani, har ta ce masa ya zaɓa tsakaninmu.

"To me ka ce?"

"Ban ce komai ba, Narina. Na dai zo."

Daga ranar ya ɗauke mini duk wani nauyi na shagon. Ya raka ni gwajin jini da na zuciya. Ya zauna gaban likita tana zana masa cikina a takarda, yana zufa, amma bai kau da kai ba. Ta ce za su bi ta ƙananan huji a ciki, su cire ƙarin, su ɗaga mahaifar su ɗaure ta a mazauninta. Gefen da ƙarin yake kuwa, ba ta yi alkawarin tsira da shi ba. Shi ne ya tambayi abin da na kasa tambaya: bayan aure, sai yaushe zai iya kusantata? Na so ƙasa ta buɗe in shige. Likitar ta amsa masa kamar ya tambayi ranar kasuwa.

Jajibirin tiyata aka ba ni maganin wanke ciki. Na yini ina zarya banɗaki a ɗakin asibiti, cikina na wata irin ƙara. Na roƙe shi ya tafi gida. Sai ya kunna rediyo ya ƙure murya, ya juya wa ƙofar baya, yana bin waƙar da muryarsa mai kama da ta tsohon injin. Ina zaune a ciki ina kuka ina dariya.

Da safe, an sa mini rigar tiyata, ba komai a ƙarƙashinta, sai ga mahaifiyarsa. Ta shigo riƙe da tukunyar miyar ganyen teku da ake ba masu jego da masu jinya, ta ce wa ɗanta ya ba mu wuri.

Na ja bargo har wuya. Na ce mata an hana ni ci.

"Na sani. Ta bayan kin farka ce."

Ta zauna tana murza hannun jakarta. Da ta yi magana, ba ta kalle ni ba.

"Tun da na haifi yaron nan ban sake shiga gidan wanka na mata ba. Ban sake rawa a biki ba. Mahaifinsa ya mutu bai sani ba. Ranar da kika durƙusa, ba ke na tsana ba. Asirina na ga ya tonu a tsakar ɗakina."

Na saki bargon.

"Likitar nan taki... mace ce?"

Na ce mace ce.

"Tana duba tsofaffi?"

Na miƙa hannu na kama nata. Yana da sanyi. Haka masu tura gado suka zo suka same mu, kuma ita ta bi ni har ƙofar ɗakin tiyata, Gijun na biye da mu bai san me ya faru ba.

An cire ƙwan haihuwa na gefe ɗaya tare da ƙarin. Gwaji ya nuna ba mugun ƙari ba ne. Mahaifata tana nan a inda aka ɗaure ta. Ko zan haihu ko ba zan haihu ba, har yau ba mu sani ba, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen. Hyeran ta zo duba ni da kwandon lemo, tsohuwar ta karɓa a bakin ƙofa ta ce ina barci, alhali ina jin su.

Bikinmu ya ja da baya har bazara, kuma ba saboda ni ba. Mama ce ta ce ba za a aurar da ɗanta tana ƙunshe da tsumma ba. Ni na raka ta asibiti, ni na zauna mata.

Ranar bikin ta yi rawa har 'yan'uwanta suka fara jan ta suna cewa ta zauna, shekarunta sun wuce haka.

Ta fizge hannunta ta jawo ni cikin fili.