Kwalaben da Ba a Buɗewa

Ranar da ya fara shiga shagon wankin kaya, kwalabe ya kawo, ba tufafi ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne, an turo shi gyara ƙasar bayan shagon, inda aka shekara ashirin ana zubar da sinadarin wanki mai kulorin. Idan gubar ba ta ragu ba cikin wata shida, hukuma za ta rufe shagon.

'Yar mai shagon ta ɗago daga guga ta dube shi, sai sallamar da ya shirya tun a hanya ta ɓace masa.

Ta laƙaba masa Malam Kwalba. Ya bayyana mata cewa ƙwayoyin bakteriya ne a cikin kwalaben, masu fitar da enzayim, wato sinadarin da ke ciccire kulorin daga gubar har ta daina cutarwa. Amma iska na kashe su, shi ya sa ba a buɗewa. Ta fi nazarin fuskarsa a kan bayanin.

Ɗan baffanta, direban shagon, wanda ya daɗe yana sonta, ya tsegunta wa mahaifinta cewa duk mai zuba abu a ƙasar mutane, ya kuma hana a sunsuna, asiri yake yi. Baba ya hana ta ko gaisawa da Malam Kwalba.

Ta tura masa saƙo: "Malam Kwalba, tsakani da Allah, ni kake nema, ko shagon, ko wani abu kake binne mana?"

Ya amsa: "Sanyin idona, ke nake nema. Shagon kuwa so nake ya tsira, kada in ga hawayenki."

Washegari Baba ya buɗe kwalaben duka, ya sunsuna, ya bar su a buɗe bisa benci. Wahalar wata biyu ta tashi a banza.

Malam Kwalba ya tarar da su a haka. Bai kai ƙara ba. Ya ce laifinsa ne da bai yi wa dattijo bayani ba tun farko. Ya sake rainon wasu, wannan karon ya roƙi Baba ya riƙe sirinjin zuba su a ƙasar da kansa.

A wata na shida sakamako ya fito: guba ta sauka, shago ya tsira. Baba ya juya takardar gaba da baya.

"Wa ya tabbatar mini ba kai ka rubuta ba?"

"Wani ɗakin gwajin daban na kai ƙasar suka auna, Baba. Na san za ka tambaya."

Baba ya dube shi ya murmusa. "Mai taka-tsantsan irin naka ba zai yi sakaci da 'yata ba. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure, kayan ango kuwa Baba ne ya goge su da hannunsa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.